Yoyon da Ke Bayan Wuya

Yaya Irmiya, yau sati tara ke nan da muka raka ka makwanci. Ruwan da Mama ta yi shekaru tana tsoro bai taɓa ka ba, zazzaɓin kwana biyar ne ya ɗauke ka a kan gado, jikinka a bushe. Ajin matasa da kake koyarwa ran Lahadi, Fasto ya ce in riƙe kafin a sami wani. Na ce masa karatuna bai yi nisa ba, ya ce ai naka ma bai yi ba. To, ni ba ni da littattafai. Abin da nake da shi shi ne abin da na koya a wurinka a aikin nutso, da shi na ɗinka wannan misali. In na kira wani ƙarfe da sunan da ba nasa ba, ka yi haƙuri, ba ka nan ka gyara mini.

Akwai wani mutum mai suna Zakka, mai nutso ne a wata babbar madatsar ruwa. Aikinsa shi ne ya sauka ƙarƙashin ruwa ya gyara abin da hannu ba ya kaiwa daga tudu. Shekara ashirin yana yi, har mutanen garin suka manta sunansa suna ce masa Gwani. Yana da abokin aiki mai suna Sila, maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba su. Sila mutum ne mai sanyi, ko tuwo ba ya ci da sauri.

Mai nutso kuwa yakan goya tukunyar ƙarfe a bayansa, cike da iskar da inji ya danna a ciki. A bakin tukunyar, daidai bayan wuya, ake ɗaura wani ƙarfe da suke kira rigileta, shi yake rage ƙarfin iskar ta zama wadda ƙirji zai iya ɗauka. Tiyo uku suke fita daga jikinsa. Ɗaya yana kawo abin baki da mutum yake shaƙa. Ɗaya yana zuwa ga agogo mai allura, wanda yake nuna sauran iska. Na ukun yana ɗauke da abin baki na biyu, rawaya ne don a gan shi ko ruwa ya gurɓace, shi kuwa ba na mai kayan ba ne, na ɗan'uwansa ne in tasa iskar ta ƙare. Tsakanin tukunya da rigileta kuma akwai wani ɗan zoben roba baƙi, bai kai na yatsa girma ba. Duk ƙarfin da ke cikin tukunyar nan, wannan ɗan zobe ne yake tsare masa ƙofa.

Suna da wata al'ada da suka gada daga waɗanda suka koya musu. In sun faɗa ruwa, kafin su nutse, sai ɗaya ya juya baya ya ce, "Duba mini baya." Ɗayan ya sa fuska cikin ruwa ya ga ko kumfa tana fita daga wuyan tukunya. Sa'an nan su yi musanya. Dalili kuwa a fili yake: tukunya a baya take, ba mai ganin yoyon kansa.

Ana nan, wata rana baƙi suka zo daga birni ganin aikin madatsa, jama'a kuma ta taru a bakin ruwa. Zakka ya haɗa kayansa a gabansu yana bayani, har ya ce musu shekara ashirin ba a taɓa samun kuskure a haɗinsa ba. Suka faɗa ruwa, ya juya baya kamar kullum. Sila ya duba, ya ɗago kai, ya ce da murya yadda kowa zai ji, "Gwani, tukunyarka na yoyo, fito mu canja zobe." Wani daga cikin baƙin ya ce ashe gwani ma yana da nasa gwanin, mutane suka kwashe da dariya.

Dariyar nan ta shiga Zakka kamar ƙaya. Ya ce ai da Sila ya raɗa masa a kunne, ba sai ya tara masa duniya ba. Washegari Sila ya zo har zaure ya ba da haƙuri, ya ce bakinsa ne ya riga tunaninsa. Zakka bai ko ɗago ido ba. Daga ranar ya daina gaishe shi, ya daina juya masa baya a ruwa. Har ya ɗauki sifana ya kwance rawayan tiyo daga rigiletarsa, ya toshe ramin da ƙusar ƙarfe, ya ce shi ba ya ɗaukar wa kowa kaya. Aiki dai dole ya haɗa su, don babu wasu masu nutso a wurin sai su biyu. Haka suka yi wata huɗu, kwale-kwale ɗaya, igiya ɗaya, ba sannu.

Matar Zakka, Liyatu, ta yi magana har ta gaji. Ta ce masa ko tulu in ya tsage wani ne yake fara ganin jiƙar ƙasa. Da ya ce ta bar zancen, sai ta ce, "To maigida, ni dai in gishirina ya ƙare gidansu zan aika. Fushinku bai shafi miyata ba."

Ya zama kuwa cikin rani, bakin babban bututun da yake ja wa gari ruwa ya toshe da rassan itace da tsofaffin raga na masunta. Kwana uku famfo bai ɗiga ba, mata suna ta jigilar jarka daga nesa cikin rana. Aka kashe injin ja, aka kira Zakka da Sila su sauka su buɗe.

Da hantsi Zakka ya zauna a bakin ruwa yana haɗa kaya. Ya ɗaga zoben ya duba shi a hasken rana kamar yadda ya saba, sai ya ga tsaga a jikinsa, siririya kamar gashi ɗaya. Sababbin zobba kuwa a wurin Sila suke zama, cikin wani tsohon gwangwanin man shafawa. Ga Sila nan zaune, taku biyu tsakaninsu, gwangwanin a buɗe a kan gwiwarsa. Abin da ya rage kawai shi ne ya buɗe baki ya roƙa. Ya dubi gwangwanin, ya dubi ƙeyar Sila, ya ji dariyar baƙin nan sabuwa fil a kunnensa. Sai ya juya tsohon zoben ta ɗaya fuskar, ya shafa masa miyau, ya ɗaura rigileta ya matse. Ya murɗe kan tukunya, allura ta hau har sama. Ya kara kunne, bai ji komai ba. Ya ce a ransa, ai ka gani, hannu ne yake aiki, ba roba ba.

Baba Dogara, tsohon da yake tuƙa musu kwale-kwale, ya kai su inda igiyar sauka take. Da ya ga Zakka ya faɗa ruwa ya kama igiya ba tare da ya juya baya ba, sai ya girgiza kai ya ce, "Yau ma ba a dubawa? Ni dai nawa tuƙi ne. Amma in za ku mutu, ku mutu ɗaya-ɗaya, jirgina ƙarami ne." Zakka ya nutse. Sila ya bi shi.

Zurfin wurin ya kai tsayin mutum goma sha biyar. Da fari ruwan kore ne, rana tana ratsa shi, daga nan ya koma kalar kunu, daga nan ya zama kamar cikin rumbu, sai abin da tocila ta haska. Sanyi ya kama su. Suka isa bakin bututu suka sa wuƙa, suna yanka raga suna janye rassa. Amma abin da ya dami Zakka shi ne Sila ya manne masa. Ya matsa dama, ga Sila a kafaɗarsa. Ya matsa hagu, ga shi. Sau biyu Sila ya taɓa shi ya nuna sama da babban yatsa, wato su hau. Zakka ya ture hannun da gwiwar hannu. Ya ce a ransa, wannan mutum ko a ƙarƙashin ruwa sai ya koya mini aiki.

Saura reshe ɗaya babba. Zakka ya sa ƙafa a jikin bututu ya ja da dukan ƙarfinsa, tukunyarsa ta bugi ƙarfe. Sai wata ƙara ta tashi a bayan wuyansa kamar aradu ta faɗo cikin kai. Zoben ya fashe. Ruwa ya yi fari fat da kumfa, tocilarsa ba ta ganin komai. Ya jawo agogo har jikin gilashin fuskarsa, ya ga allura tana sauka a kan idonsa, iskar da za ta kai shi rabin sa'a tana gudu sama ba ta waiwaye. Ya ja numfashi, ya samu. Ya sake ja, ya samu kaɗan. Bai daɗe ba ya ja, ya ji kamar yana tsotson ƙashin da ba ɓargo.

A nan shekara ashirin ta tashi daga kansa kamar tsuntsu. Ya san doka, shi da bakinsa yake koya wa mutane: iskar da aka shaƙa a ƙasa matsattsiya ce, wanda ya tashi da gudu takan kumbura ta yaga masa huhu, wanda kuma ya tsira daga wannan, ciwo yakan kama masa gaɓoɓi. Ya taɓa ganin mutumin da aka fitar da jini a bakinsa saboda haka. Duk da haka ƙafafunsa suka fara harbi sama ba da izininsa ba. Ya saki igiya.

Sai hannu ya damƙi ɗamarar ƙirjinsa ya tsayar da shi cak. Cikin farin kumfar nan wani abu rawaya ya bayyana a gaban hancinsa, iska tana fita daga cikinsa, a shirye.

Ku ji abin mamaki game da zuciyar ɗan adam. Ƙirjinsa yana wuta, idonsa yana ganin taurari, amma na ƙiftawar ido ɗaya wata murya ta ce masa, daga hannun Sila? Ƙiftawa ɗaya ce kawai, amma ta faru. Sa'an nan ya tofar da nasa mataccen, ya kama na Sila da hannu biyu ya cusa a baki.

Iskar ta shiga, mai sanyi, busasshiya, da ɗan ɗanɗanon roba. Bai taɓa shan abu mai daɗinta ba, ko ruwan randa bayan noma.

Sila ya miƙa hannu ta bayan Zakka ya rufe kan tukunyar da ta mutu. Wuri ya yi tsit. Ya maido hannun Zakka kan igiya, suka fara hawa. Rawayan tiyo gajere ne, ba ya barin mutum ya juya. Fuskar da Zakka ya yi wata huɗu yana kauce wa a ƙofar gida da ƙofar majami'a, yau ga ta tazarar taƙi ɗaya daga tasa. Ya nemi alamar "ban gaya maka ba" a idanun nan ta cikin gilashi, bai samu ba. Idanun suna kallon agogo ne, su dawo su kalle shi.

Yanzu mutum biyu suke sha daga tukunya ɗaya, Zakka kuwa yana haki kamar wanda kare ya kora. Sila ya ɗora tafi a ƙirjinsa, ya ja numfashi a hankali, ya sake a hankali, har Zakka ya kama takunsa. Hannu bisa hannu suka hau, ba su fi ƙananan kumfarsu saurin hawa ba. Duhu ya koma kalar kunu, kunu ya koma kore.

Kusa da sama akwai ƙulli a jikin igiya, inda dole mai nutso ya tsaya na minti uku jiki ya huce kafin ya fita. Daga nan suna ganin gindin kwale-kwale a bisansu kamar ganyen mangwaro. Allurar Sila ta riga ta shiga ja, alamar iska ta kusa ƙarewa. Zakka ya nuna sama. Sila ya girgiza kai, ya ɗaga yatsu uku. Zakka ya dubi allurar, ya gane cewa mutumin nan daga cikin numfashinsa na ƙarshe yake ɗiba don kada ƙafafun Zakka su shanye. Ya tsaya. Waɗannan minti uku sun fi wata huɗun nan tsawo, a cikinsu kuma abin da ya ƙulle a zuciyarsa ya kwance, ba da kalma ko ɗaya ba.

Da suka fasa saman ruwa, allura tana kwance a ƙasa. Baba Dogara yana tsaye da filafili a hannu, tun da ya ga ruwa yana tafasa bai zauna ba. Ya ƙirga su da yatsa, ya ce, "Ɗaya. Biyu. Sun cika. Na gode, ya Ubangiji, sun cika."

Ya jawo su ciki. Zakka ya kwanta rigingine yana kallon sama, bai taɓa sanin tana da faɗi haka ba. Da ya dawo hayyacinsa ya kwance rigileta, zoben ya faɗo a tafinsa a rabe biyu. Sila ya gaya masa cewa tun suna sauka ya ga kumfa tana fita daga wuyansa, ƙanana a jere kamar tsakiya a zare. Ya ce da ya ga an ƙi jin taɓawarsa, sai ya cire rawayan abin baki daga maratayinsa ya riƙe a hannu, duk aikin nan da hannu ɗaya ya yi shi.

Zakka ya dubi ƙusar da ya toshe ramin rigiletarsa da ita. Ya ce, "Sila, da naka ne ya fashe, da me zan ba ka?"

Sila ya share ruwa daga gemunsa ya ce, "Ai shi ya sa wata huɗun nan nake duba nawa sau biyu."

Baba Dogara ya fara dariya, Sila ya kama, Zakka ma ya yi ta yi har hawaye suka gauraya da ruwan madatsa a fuskarsa. Ya kama hannun Sila ya ce ya yafe masa. Sila ya ce ai tun a ƙasa aka gama wannan zance.

Ba su sake sauka ranar ba, don jiki yana bukatar hutu. Da yamma Zakka ya ciro rawayan tiyo daga inda ya jefa shi a bayan buhunan masara, ya wanke, ya ɗaura. Washegari jama'a ta cika bakin ruwa fiye da ranar baƙi, don labari ya zaga gari. A gaban kowa Zakka ya miƙa hannu ya roƙi sabon zobe daga gwangwani. Da suka faɗa ruwa, ya juya baya ya ɗaga murya har na kan tudu suka ji: "Sila, duba mini baya!" Suka sauka, suka janye reshen tare. Kafin rana ta take, famfon tsakiyar gari ya yi tari sau biyu ya ɓarke da ruwa. Mata suka yi guɗa, ta Liyatu ta fi ta kowa tsawo.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Kowannenmu yana goye da tukunya, wato ran da Allah ya ba shi da alherin da ya zuba a ciki, muna kuwa tafiya ne a wuri mai zurfi. Ba kasafai babban abu yake zubar da ita ba. Ɗan zobe ne. Ƙaramar ƙarya da ka juya ta ɗaya fuskar ka shafa mata miyau. Kwalba ɗaya a bayan kasuwa. Saƙon da kake gogewa daga waya kafin wani ya gani. Ka kara kunne ba ka ji ƙara ba, ka ce lafiya. Amma yoyon a bayan wuyanka yake, Allah kuwa bai sa mana ido a ƙeya ba, sai ya ba mu juna. Wanda ya ce maka kana yoyo ba maƙiyinka ba ne, ko da ya faɗa da murya mai kauri, ko da a gaban mutane ya faɗa. Mai yiwuwa bai iya magana ba. Kumfar dai ya gani.

Ku kuma lura da Sila. Da aka ture hannunsa, bai ce to ya je ya gani ba. Bai kuma tsaya wa'azi a ƙarƙashin ruwa ba. Kusa ya matso, da abin baki a hannu. Akwai wani a gidanku ko a ajin nan da ya ƙi jin magana. Kada ka yi nisa da shi. Ka riƙe gafararka a buɗe tun kafin a roƙa, don ranar da zobe ya fashe babu lokacin neman sifana. Wanda ya kwance nasa rawayan tiyo saboda fushi, ya tambayi kansa yau abin da zai miƙa in ɗan'uwansa ya juyo gare shi ido a waje.

Babban abin farin ciki kuwa shi ne wannan: dukanmu Zakka ne. Mun toshe abin da ya kamata mu bayar, mun sauka da tsagaggen zobe da saninmu. Amma Yesu Mai Cetonmu bai tsaya a kwale-kwale yana girgiza kai ba. Ya sauko har inda duhu yake, ya damƙe mu lokacin da muka saki igiya, ya ba mu numfashin kansa. Namu kawai mu tofar da mataccen da ke bakinmu mu karɓa, mu hau a hankali muna kallon fuskarsa. Wanda ya riƙe, sai ya fita. Ran ƙidaya kuma za a ce sun cika.

Yaya, a nan zan tsaya wa 'yan aji. Saura ɗaya tsakanina da kai. Ranar jana'izarka Kawu Barnaba ya ce a gaban mutane mun yi jinkirin kai ka asibiti, ni kuwa nake ɗaki ɗaya da kai. Tun ranar ban gaishe shi ba, in na hango shi sai in canja hanya. Da nake rubuta wannan na gane gaskiya ya faɗa, muryarsa ce kawai ta yi kauri, shi ma kuka yake. Gobe da safe zan je ƙofar gidansa in durƙusa in gaishe shi. Ban gaya wa kowa ba tukuna, ko Mama.